Wanda Ya Kashe Kifayen Baba

Hodonin, Talata, 7 ga Oktoba, 2003

Zuwa ga matata Bohdana, wadda nake kira Danka,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya Vienna, yaya jikin tsohuwar da kike jinya? Ina fata bayanki ya yi sauƙi. Don Allah ki daina ɗaga ta ke kaɗai. Ni lafiyata ƙalau. Kullum kina cewa a waya ba na iya komai sai "to" da "haka ne", shi ya sa na ɗauki biro.

Danka, kifayen Baba sun mutu. Duk kifayen adon nan, diskus, da ke layin bango, tanki goma sha biyun da ruwansu yake zagayawa tare, babu ko ɗaya da ya tsira.

Kin tuna na'urar da Dalibor ya haɗa mana a garejinsa da bazara, wadda kika ce ta yi kama da rediyon mota. Sandarta ta gilashi tana zaune a cikin ruwan tanki tana auna tsaminsa. Idan tsamin ya ragu sai ta buɗe ɗan famfo ta ɗiga asid, digo-digo. Ita ce kuma take kunna fitilu a hankali da safe, ta rage su da yamma, don kada kifin ya firgita. To, ranar Lahadi ta juye jarkar asid ɗin gaba ɗaya, jarkar da take kai mu wata uku.

Da ƙarfe shida na yamma na sauka ɗakin ƙasa. Tun daga matakala na ji suna dukan murafe. Fatarsu tana saɓulewa fara-fara kamar an zuba musu ruwan zafi. Wasu sun yi tsalle sun faɗo kan siminti. Jajayen nan biyu, jikokin waɗanda Baba ya fara da su shekara talatin da ɗaya da suka wuce, suna kwance a gefe, 'ya'yansu na maƙale a jikinsu. Ita kuwa na'urar tana ta haska koren fitilarta, wai komai lafiya.

Na kira Yaya Vilem. Ya zo da kayan aikinsa na walda a jiki, ya tsaya ya duba layin daga farko har ƙarshe. Sannan ya ɗauki babban sifana ya hau na'urar da duka har sai da ta faɗo daga bango, ya kuma bi ta da takalmi.

Ya juyo ya ce, "Kai akawu, buɗe littafin naka. Me ka rubuta yau?"

Na karanta masa daga littafin da nake rubuta awon ruwa: biyu saura minti goma, tsami daidai, zafi daidai.

"Shi ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, Yaya."

Ya damƙi ƙeyata kamar yadda yake yi mini tun muna yara, ya manna fuskata a gilashi har leɓena ya fashe. Ya ce, "Dube su! Baba da harshensa yake ɗanɗana ruwa, ko ɗaya bai taɓa mutar masa haka ba. Kai ka dame ni sai da muka sayi akwatin wannan ɗan iskan."

Gaskiyarsa ce, ni na dame shi.

Mun binne su a gindin bishiyar bayan gida. Ya ce ranar Lahadi akwai kasuwar kifi ta ƙungiyarmu ta masu kiwon kifin ado, kuma Dalibor zai zo. Jiya na karanta shafin Lahadin da suka mutu ya fi sau ashirin. Duk abin da na rubuta a ciki daidai ne.

Kada ki damu da leɓen, ya fara haɗewa. Ki kula da kanki.

Mijinki,
Radomir

Hodonin, Litinin, 13 ga Oktoba

Danka tawa,

Ina gaishe ki, ina fata kin tashi lafiya, ke da tsohuwar. Jiya da ƙarfe biyu na ji wayarki tana ƙara, ina zaune kusa da ita, na kasa ɗauka. Ki yi haƙuri. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Kasuwar ta ci a zauren da aka saba, bayan gidan giya. Tebura cike da kwalaben kokwamba da aka wanke aka zuba kifi, tsofaffi suna ɗaga su sama suna kushe kayan juna. Dalibor yana teburinsa na kusa da ƙofa da na'urori uku da ƙaramin tanki na gwaji, yana cin tsiran alade da burodi. Labarinmu ya riga mu isa, don babu kowa a gabansa.

Da ya gan mu ya miƙe ya share hannunsa a wando. Ya ce, "Vilem, na ji abin da ya faru. Na yi baƙin ciki ƙwarai. Kawo mini na'urar in buɗe, tana ajiye duk abin da ta auna."

Yaya ya ce, "Tana cikin bola. Je ka tona, ai can ka samo ta."

Wasu suka yi dariya. Dalibor bai yi ba. Ya ce, "Haba, ku tsaya. Ashirin na haɗa, ba wadda ta taɓa juye jarka. Abu ɗaya ne kawai yake sa ta haka." Sai ya dube ni. "Radomir, ranar Lahadi kake wanke sandar, ko ba haka ba? Da ka cire ta, a ina ka sa ta?"

Danka, ga abin da babu a littafina.

Duk Lahadi nakan danna maɓallin hutu, in cire sandar, in tsoma ta a kofin ruwan famfo don kada ta bushe, in goge mazauninta, in mayar. A ranar nan na cire ta na sa a kofi, sai na ji wayarki daga sama. Na haura da gudu. Ban danna maɓallin ba. Bayan mun gama magana na ɗumama miya, na ci, na tafi shara a farfajiya. Kin san ruwan famfonmu, alli ne zalla, babu tsami ko kaɗan. Awa huɗu na'urar tana auna ruwan kofi tana zaton na tanki ne, tana ƙara asid, tana jiran tsamin ya zo. Ta yi aikinta daidai. Da na sauka da ƙarfe shida, abin da na fara yi, tun kafin in taɓa kifi ko ɗaya, shi ne na mayar da sandar cikin tanki, na zubar da kofin na kife shi. Ban faɗi zancen wayar don in ɗora miki komai ba. Maɓallin yana ƙarƙashin yatsana.

Yaya ya juyo yana kallona, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Na ji bakina yana cewa, "A cikin tanki take. Ban cire ta ba."

Dalibor ya ce, "Radomir, kai ne fa."

Yaya ya ɗauki kwalba da kifin a ciki ya rotsa wa Dalibor a gefen fuska. Na ji ƙarar muƙamuƙinsa. Ya cafki gashinsa ya dulmiya kansa a tankin gwajin yana cewa, "Auna! Auna mana, injiniyan banza!" Dalibor ya dafa gilashin da hannun dama don ya ɗago, gilashin ya fashe, hannun ya shige ciki har wuyan hannu. Ruwa da jini suka malale ƙarƙashin tebura, ƙananan kifaye suna tsalle a ciki. Ko da ya faɗi Yaya bai daina ba, sai da ya hamɓare shi sau uku a ciki. Mutum huɗu suka danne shi da ƙyar. Tsoho Metodej, shugaban ƙungiya, ya ɗaure hannun da bel ɗinsa yana ihu a kira motar asibiti.

Ni ina tsaye da bokitinmu a hannu. Ko ajiye shi ban yi ba.

'Yan sanda sun tafi da Yaya, sun sake shi da yamma har zuwa ranar shari'a. Da ya dawo ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ka ga yadda shegen ya so ya juya abin kanka?" Ya ce akwai sauran na'urori a garejin Dalibor, kuma ba zai bari a kashe wa wani kifi da su ba. Na ga jarkar fetur a bayan motarsa. Ranar Alhamis kuma ƙungiya za ta zauna a kan korar Dalibor.

Shekarata arba'in da ɗaya. Ban san ko zan iya faɗin gaskiya ba. Na rubuta kalmomin a takarda, na karanta su da ƙarfi a ɗakin ƙasa, inda babu kowa. Ban san da wane ido za ki dube ni ba bayan wannan, amma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Naki,
Radomir

Asibiti, Talata, 21 ga Oktoba

Danka,

Ina gaishe ki da kyau, ina fata kina lafiya. Kada rubutun ya ba ki tsoro, da hannun hagu nake yi. Wasiƙarki ta iso, Metodej ya kawo mini jiya. Layi biyu kika rubuta, cewa in faɗi gaskiya, kuma kin yi daidai, amma na riga na yi kafin ta zo.

Ranar Laraba na fara zuwa gidan Metodej na ba shi takarda da sa hannuna, don na san idan na fara da Yaya zan iya janyewa. Daga nan na wuce ofishin 'yan sanda na gyara bayanina, na kuma faɗa musu zancen fetur. Sannan na koma gida.

Na same shi a ɗakin ƙasa yana wanke tankunan da babu komai a ciki. Na tsaya a matakala ta ƙarshe na ce, "Yaya, sandar a kofi take. Ni na manta. Ni na kashe su, kuma ƙarya na yi a kasuwa."

Ya ci gaba da goge gilashin. Ya ce, "Sake faɗa, akawu, ban ji ba."

Na sake faɗa.

Da bututun ƙarfe ya fara. Na kare da hannu, yatsu uku suka karye. Haƙarƙari biyu, da haƙori ɗaya na gaba. Yana duka yana tambayata, "To wa na daka? Faɗa mini, wa ka sa na daka?" Na ce, "Dalibor." Ya ƙara mini. Daga baya ya bar ni ya koma kan tankunan Baba, ya farfasa su ɗaya bayan ɗaya, har goma sha biyun. Maƙwabta ne suka ji suka kira 'yan sanda. Wannan karon ba su sake shi ba.

Metodej ya karanta takardata a taron Alhamis. Ba a kori Dalibor ba. Ni aka kora, hannu uku kawai ba su ɗagu ba. Garejin yana nan, ba abin da ya taɓa shi.

A ɗaki ɗaya aka kwantar da mu, ni da Dalibor, gado ɗaya ne tsakaninmu kuma babu kowa a kai. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, da tsinke yake shan miya. Na ji likita yana gaya masa cewa jijiyoyin yatsu biyu ba za su koma yadda suke ba. Da waɗannan yatsun yake riƙe ƙananan wayoyin da yake haɗawa.

Ranar Asabar na lallaɓa na sauko na tsaya a gefen gadonsa. Na faɗa masa komai, na ce ya yafe mini idan zai iya. Ya jawo allon da yake rubutu a kai, ya rubuta da hannun hagu, ya juya shi wajen ma'aikaciyar jinya, ba wajena ba. Ta karanta, ta zo ta ja labule tsakaninmu. Har yau a rufe yake. Ina jin tarinsa, yana jin nawa.

Za a sallame ni ranar Juma'a. Kada ki bar aikinki saboda ni. Idan kin zo ƙarshen wata, ki shigo ta ƙofar gaba, don har yanzu ba a share gilashin ƙasa ba. Idan kuma ba ki son zuwa tukuna, na gane.

Ki gaishe da tsohuwar.

Mijinki,
Radomir