Rabin Kintinkiri daga Sendai

Zuwa ga Yayata Mizuho,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Yaya Takumi, da fatan laulayin ya yi sauƙi har kin fara cin abinci. Allah ya sauke ki lafiya. Mu nan Yamagata kowa lafiya lau. Sanyi ya fara shigowa, Kaka ta rataye 'ya'yan itacen nan da ake kira kaki a baranda suna bushewa, kullum tana mitar wa zai cinye su tunda ke mai son su kin koma Burazil. Baba ya gama girbin shinkafa, bayansa yana ciwo amma ba ya so a faɗa. Ni ma na gama jarrabawa, lissafi ne kawai ya ɗan ba ni wuya.

Yaya, kafin ki buɗe ƙaramar ambulan da ke ciki, don Allah ki karanta wannan tukuna, kada ki ga abin ki ce ƙanwarki ta yi sakaci. Na san Mama za ta ba ki labarin ta nata gefen, shi ya sa nake so ki ji nawa.

Kin san mawaƙanmu Minato Garasu sun fitar da sabon kundin waƙoƙi, suna zagaya manyan zauruka gari gari. Ƙuri'ar tikiti ta faɗo kaina, kujera biyu a wasan birnin Sendai, kuma a ƙasa daf da dandamali, wurin da kika daɗe kina nema ba ki taɓa samu ba. Da na gani sai da na yi hawaye, don kujera ta biyun taki ce. Na so in tafi da ƙawata, amma Gwaggo Setsuko ta ji labari ta kira Baba, aka yanke cewa da 'yarta Rinka zan tafi, wai tunda 'yar jami'a ce za ta kula da ni. A cikin jirgin ƙasa na tambaye ta wace waƙa ta fi so a sabon kundin, sai ta ce, "Ke 'yar ƙauye, ba duk hayaniya ɗaya ba ce?" Na juya ina kallon taga, kin dai san ni.

Wasan kam ya yi kyau. Ganguna har cikin ƙirjina nake jin su, mai jita ya zo ta gabanmu har ina ganin guminsa. Sun yi tsohuwar waƙar nan da kike sa min idan ana tsawa ina jin tsoro, zaure gaba ɗaya yana wulwula tawul sama, ni ma na ɗaga naki da kika bar min. A waƙar ƙarshe aka harba kintinkiri masu ƙyalli daga dandamali, suka yi ta saukowa a kanmu. A wannan zagayen kowane gari da launinsa, na Sendai kore ne, da rubutun hannun babban mawaƙinsu a jiki. Na cafe ɗaya na ce wannan na Yaya ne, kamar yadda na yi miki alkawari.

Ke kika koya min tun ina ƙarama cewa guda ɗaya mutum yake ɗauka, sauran ya miƙa baya, domin na kujerun sama ba ya isa gare su, alhali su ma ƙauna ɗaya ta kawo su. Kowa a layinmu haka ya yi, ban da Rinka. Ashe da jakar yadi ta zo musamman. Ta dinga kwasa hannu bibbiyu, har ƙarƙashin kujerun mutane, ta taka wa wata mata tawul ko sannu babu. Nawa ma ta karɓe ta cusa, wai za ta ajiye min. Ta raɗa min cewa kafin gobe an saye su a intanet.

Da aka kunna fitilu, mutanen sama suka sauko suka tsaya a bakin shinge suna kallo kawai. Wani dattijo mai furfura, sanye da koɗaɗɗiyar riga ta zagayensu na farko irin taki, ya russuna ya tambayi Rinka ko za ta taimaka masa da ɗaya. Ta ce babu. Yaya, jelar kintinkirin tana leƙowa daga bakin jakar ta ce babu, shi kuma ya sake russunawa yana ba ta haƙuri. Wannan russunawar ta biyu ce ta ƙona min rai. Ni da ko karatu a aji muryata rawa take, sai na ji kaina na ce da ƙarfi, "Rinka, jakarki cike take, ki ba mutane."

Kowa ya juyo. Fuskarta ta yi ja, ta zazzage jakar a ƙasa ta ce to malama sai in raba, ta yi gaba abinta. Na durƙusa na tattara ina miƙa wa mutane, na manta da cewa naki yana ciki. Na ƙarshe a hannun dattijon ya ƙare. Da ya ga hannuna wayam ya tambaye ni ina nawa, na ba shi labarinki. Sai ya sa makullinsa ya yanka shi biyu, ya ba ni rabi.

Yanzu ni ce mai laifi a gida. Gwaggo ta ce na tozarta 'yarta a bainar jama'a, ban san na gaba da ni ba. Babu wanda ya tambayi abin da Rinka ta yi wa dattijon da ya haifi kamarta. Baba ya ɓuya bayan jarida. Kaka dai cewa ta yi ashe yarinyar tana da murya, ta ci gaba da aikinta. Mama ta sayo kwalin alawar wake ta kai ni gidan Gwaggo ranar Lahadi. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, na ba da haƙuri a kan ɗaga murya, domin wannan da gaske bai kamata ba. Gwaggo ta zauna tana jiran in ƙara da cewa kintinkirin haƙƙin Rinka ne tunda ita ta kwasa. Mama tana ta taɓa min gwiwa. Ban faɗa ba, Yaya, kuma ba zan faɗa ba. Washegari aka dawo da kwalin ko buɗe shi ba a yi ba, da saƙon cewa ba za su zo cin abincin sabuwar shekara ba sai na gyara bakina.

Ba na so teburin Kaka ya ragu saboda ni, ga shi ke ma ba kya nan. Roƙona ɗaya ne, ki faɗa wa Mama wanda ya koya min miƙa wa na baya, ko ta daina yi min kallon yarinyar da ta lalace.

Yanzu ki buɗe ambulan. Gajere ne, ya yamutse, har da sawun takalmi a gefe. Abin da ke rubuce a rabinki shi ne "Ko kuna nesa", sauran maganar tana wurin dattijon. Ki rataye shi tare da sauran naki, kada ki goge sawun.

Ki gaishe min da Yaya Takumi da surukarki Mama Harue. Kaka, Baba da Mama suna gaishe ki ƙwarai. Rinka ba ta aiko da gaisuwa ba, ni kuma ba zan ƙirƙiro mata ba.

Ƙanwarki mai kewarki,
Fumika