Yaya Nasiru ya ce in ce babu kowa a bayan kamfanin

Assalamu alaikum 'yan gurup. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake, abinci ma ba ya shiga.

Ni ɗan wani ƙauye ne a gefen Minjibir, na yi difloma a kan harkar filaye da gidaje, tun da na gama ina gida ina noma da Baba. Kun san yadda ake ciki, taki ya fi ƙarfinmu, bana geron ma sai a hankali. Sai ɗan kawuna Yaya Nasiru, da yake aiki a wani ofishin masu ƙiyasta darajar kadarori a birni, ya samo min intabiyu. Na yi murna sosai, na zauna ina ta bita, yadda ake duba injina da sito, da shekarun gini, da hanyar da tirela za ta bi, da wuta da ruwa.

Shekaran jiya ya zo gida ya ce zai taimaka min da satar amsa. Wai tambayar da za a yi min a kan tsohon kamfanin man gyaɗan nan ne na bakin ƙauyenmu, wanda ya daɗe a rufe, mai shi zai sayar, kuma aminin ogansu ne. Ya nuna min hoton wajen daga sama a wayarsa, ya ɗora yatsa a bayan katanga, ya ce filin nan shi ne ke ɗaga darajar kamfanin, don mai saye zai gina sito a kai. In aka tambaye ni in ce fili ne fetal, babu kowa.

Jama'a, tsohuwar maƙabartarmu ce. Kun san kabarinmu ba siminti ba suna, sai fasassun tukwane da ƙaya, damina biyu ta wuce ƙasa ta kwanta, a hoto ba ka ganin komai. Na faɗa masa, ya ce ai ya sani, amma takardar mai kamfanin ta haɗa har wajen, kuma in na ambaci kabari darajar ta faɗi, ni na rasa aiki shi ya sha kunya. Har da cewa tukwanen nan lebura zai kwashe su kafin azahar. Yana faɗa yana cin dambun da matar Baba ta kawo masa, wallahi ƙyamarsa na ji. Na ce masa ko ya manta shi ya riƙe min makara ta ɗaya gefen, sai ya ce in daina ƙauyanci, aiki daban zumunci daban.

Ban gaya wa Baba ba. Jiya ya ba ni babbar rigarsa ta Juma'a in je da ita, yana ta sa min albarka, ƙannena kuma har sun fara cewa za a dawo cin shinkafa.

Intabiyun ranar Litinin ne. In faɗi gaskiya a gabansu in dawo gona, ko in fasa zuwa, ko in fara zuwa wajen mai gari? Don ni dai ban san da wane baki zan ce babu kowa ba, alhali da hannuna na sa Innata a wajen.