Babin Da Ka Ƙi Buɗewa

Zuwa ga hasken idona, inuwata a tsakar rana, ruwan sanyin da ke kashe min ƙishi, angona na kantin magani,

Hannuna na rawa nake rubuta maka wannan, ko da yake wataƙila iskar fanka ce. Ka tuna yammacin da ka zaunar da ni kana karanto min sunayen magungunan tari da ka, muryarka kamar yayyafi a kan rufin kwano? Na lumshe ido, na ce a raina babu jarumin littafin da ya kamo ƙafarka. Washegari ka sake karanto min su. Haka kullum. Masoyi, yanzu ko cikin barci aka tashe ni zan iya sayar da maganin tari.

Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kan littattafan soyayya, na san shafin da ake ƙauna: gefensa kan yi baƙi, ya yi laushi kamar tsohon zane. Jiya ina shara na ɗauki littafin jarrabawarka. Babin farko ya sha hannu har ya gaji. Babin lissafin awon magani kuwa fari tas, shafukansa manne da juna kamar ni da kai a makon aurenmu. Ashe ba shi ya kayar da kai bara ba? Ba kuma maigidanka ya ce in ka sake faɗuwa zai ba wani kujerar da ya ajiye maka ba?

Don haka, ina hawaye, na farke ɗinkin littafin. Babobin da ka haddace suna cikin jakata, ni kuma ina gidan Yaya. Na bar maka lissafin a kan tebur, da tsofaffin takardun tambayoyi, da agogo. Ka rufe amsoshin ka yi da kanka, inda ka kuskure ka sake, har hannunka ya saba. Abinci na cikin firji, kada ka laƙa wa yunwa laifi.

Ta yaya zan rayu ba ka kusa? Kamar kifi a tudu, kamar fure a aljihu! Amma gara in sha kewarka da in sake ganin idonka irin na ranar da sakamakon bara ya fito.

In bege ya ci ƙarfinka, ka taho da takardun da ka amsa. Mijin Yaya malamin lissafi ne, zai tare ka a bakin ƙofa da jan biro, kuma ka san ba ya tausayin kowa.

Taka ce ni har numfashina na ƙarshe, ko ka ci ko ka faɗi. Sai dai ka hanzarta, rabin raina: da autan Yaya nake kwana, kuma har yanzu yana fitsarin kwance.

Amaryarka