Injiniyan da Kika Aiko Mini

Agege, Legas
Ranar Lahadi

Yaya Larai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya maigida da yara? Ya ƙafar Inno? Mu nan sai godiya.

Badaru ƙanen mijinki ya iso, wanda kika ce mini injiniya ne. Yaya, takardar shaidarsa dai na gani, ya manna ta a bangon shagona tun kafin ya ajiye jaka. Kin san aikinmu gyaran na'urori ne, kuma abin da ya fi kashe su ita ce 'yar wutar nan da ke taruwa a jikin mutum, irin wadda ke sa rigar leda ta yi ƙas-ƙas in an tuɓe ta. Kai ba za ka ji komai ba, amma na'ura ta mutu. Shi ya sa muke ɗaura wani madauri mai waya a hannu, ya zubar da wutar ƙasa. Na miƙa masa, ya ce shi ba akuya ba ne da za a ɗaure shi a turke. Wai a makarantarsu ba a yi haka ba. Makarantar da ko sukudireba ba ta koya masa riƙewa ba!

Ki yi mini addu'a. Wata likita mai asibitin haihuwa a nan unguwar ta ba ni gyaran na'urar hoton ciki. In na'urar ta tashi, duk gyaran na'urorin asibitinta nawa ne. In ba haka ba, rufe shagon zan yi, don aiki ya yi ƙasa ƙwarai.

Ki gaida kowa. Ƙanenki,
Ɗahiru

Agege, Legas
Ranar Alhamis

Yaya Larai,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina rubuto miki ne raina a ɓace.

Sabon fanel ɗin da na yi oda, wato allon cikin na'urar likitar nan, ya iso daga waje bayan sati shida, a rufe cikin ledarsa mai ruwan azurfa wadda ke kare shi. Na tafi sallar Azahar, likita ta leƙo ta ga kayanta. Sai gogan naki ya ga damar nuna kansa. Ya farke leda, ya zaro fanel da hannu tsirara, sannan, don ladabi irin na gida, ya goge shi tas da hannun jallabiyarsa ta roba kafin ya miƙa mata da hannu biyu, kamar mai ba surukarsa goro. Na dawo na same shi yana washe baki yana mata turanci.

Na ɗaura fanel, ko ƙyaftawa bai yi ba. Likitar ba ta ɗaga murya ba. Da Yarabanci ta ce mini ta ɗauka na san waɗanda nake bari su taɓa kayan mutane, ta sa aka kwashe na'urar zuwa wani shagon gyara a Ikeja. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Shi kuwa har yanzu cewa yake kayan jabu ne, kuma ya ci tuwonsa ya siɗe kwano.

Na saka shi a motar da ta sauke tumatir, zai iso muku ranar Asabar. Ni kuma na mayar wa mai ginin makullin shago yau da safe, gobe zan fara dakon albasa a kasuwar Mile 12. Don Allah kada Inno ta ji, har yanzu tana faɗa wa maƙwabta ɗanta na da shago a Ikko.

Naki,
Ɗahiru