Laka a Haƙori

Zuwa ga mahaifina, a Baure.

Assalamu alaikum, Baba. Ina fatan kana lafiya, da Inno da su Mardiyya. Yaya ƙafar? Don Allah kada ka sake shiga rijiya, ka bar wa Ikrima haƙar.

Ni lafiya lau nake cikin jirgin ruwan bincike, can ƙarshen kudancin duniya. Sanyi ya ɗan farfasa mini yatsu, amma kada Inno ta ji.

Aikinmu ciro laka daga ƙasan teku, mu duba ta hawa-hawa, mu gane lokutan da ƙanƙarar yankin nan ta narke shekaru dubbai da suka wuce. Jiya aka yi ta gardama ko wata laka tana da yashi. Na gutsura na sa a haƙori, yadda kake yi a ƙasan rijiya, na ce akwai. Aka auna, sai ga shi. Shugabarmu ta tambayi malamin da ya koya mini, na ce Malam Mainasara na Baure. Ta rubuta sunan a littafinta.

Ranar da zan taho ka ce na guje wa sana'ar gidanmu. Ban guje mata ba, Baba, rijiyar ce ta ƙara zurfi.

Ka sa mini albarka.

Ɗanka,
Zulkifilu