Rakiyar Ranar Suna Ta Kai Maigidana Kotu

Anti Hafiza, don Allah ki taimaka mini da shawara, kwana goma sha ɗaya suka rage a shiga kotu kuma na kasa shawo kan maigidana.

Muna zaune a wani rukunin gidajen haya kusa da titin Wendover, a nan Amurka. Watan jiya na haihu, aka yi suna ranar Asabar. Abokan maigidana, Yahya, suka yi anko, shadda ruwan toka da jar hula, su bakwai har da shi. Ni ce ma na zaɓi kalar, abin da ke ƙara cin raina ke nan. Bayan Azahar ya fita raka su wurin motoci, kin dai san rakiyar mutanenmu, a yi sallama sau biyar ba wanda ya buɗe ƙofar mota. Ina kallo ta taga da jaririya a kafaɗa sai ga ɗan sanda. Wai an kira an ce ga gungun maza da kaya iri ɗaya sun tare wuri. Ya tambaye su me suke jira, suka ce hira suke yi. Ya ce su watse. Su kuwa suka matsa inuwar bishiya, a ganinsu sun bi umarni. Da ya zagayo ya same su, Yahya ya fito ya ce shi ne mai baƙi, sai aka rubuta masa takardar zuwa kotu, wai tsayuwa ba dalili da ƙin watsewa.

Anti, watsewa zuwa ina? Taku nawa? A ƙofar gidan da muke haya?

Yanzu Alhaji Abubakar Sadiq, dattijon da ya riƙe Yahya tun zuwansa ƙasar nan, ya ce a haɗa manya uku a je a ba ɗan sandan haƙuri, ranar kotu kuma Yahya ya amsa laifi a wuce wurin. Yahya bai iya musu da Alhaji ba, ko abinci ya ce ya yi gishiri sai ya yarda. Ni kuwa na san takardunsa na neman zama ɗan ƙasa suna hannun hukuma, shekara tara yana ɗaukar kaya a sito ba ko tikitin laifin tuƙi. Na ce ban yarda ba, ya ce jego ne ke damuna. Wallahi ba jego ba ne, tsoro ne da haushi. Ban so in raina Alhaji, amma ba zan zuba ido mijina ya sa hannu a kan abin da bai yi ba. Ya zan yi?

Mai Jego, Greensboro

*

'Yar'uwa Mai Jego, barka da sauka lafiya. Ki tsaya a kan bakanki, amma ki rage wuta.

Alhaji ba mugunta yake nufi ba. A gida ban haƙuri yana kashe magana, a nan kuwa duk abin da aka faɗa wa ɗan sanda yana iya zama shaida, kuma da takarda ta fita magana ta bar hannunsa. Kada kowa ya je. Shi ma ɗan sandan kiransa aka yi, maƙwabcin da ya kira bai taɓa jin anko ba, ya ga jar hula bakwai ya tsorata.

Tambayar da kika yi ta taku nawa, alƙalai ma sun yi ta. A 1999 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar birnin Chicago da ta ba 'yan sanda ikon korar mutanen da ke tsaye ba tare da wata manufa a fili ba, in suna zargin akwai ɗan daba a cikinsu. Dalilin kotun shi ne doka dole ta fayyace abin da ta hana, kada ta bar komai ga ganin damar jami'i. Sai dai ban ga takardarku ba. Wurin ajiye motocin na masu gidan ne, in tuhumar ta shafi ƙa'idarsu, hukuncin daban ne. Shi ya sa a makon nan za ku kai ta wurin lauya, ku gaya masa batun neman zama ɗan ƙasa tun a zaman farko, domin ƙaramin laifin da aka amsa yana iya tasowa ranar intabiyun zama ɗan ƙasa. Ku tafi da takardar haya, da hotunan suna, da sunayen mutum shidan nan. Ranar kotu kuma Yahya ya je da wuri, fashin zuwa ya fi komai haɗari.

Maigidanki kuwa, kada ki sa shi zaɓi tsakaninki da Alhaji. Ki gaida dattijon, ki roƙe shi ya raka ku wurin lauyan ya ji da kunnensa. In ya ji, shi da kansa zai hana Yahya amsawa, girmansa bai zube ba.

Wanda ya yi zargi shi zai kawo hujja, kada mijinki ya ɗauke masa wannan aikin. Allah ya raya jaririya, ya ba ku sa'a.

Anti Hafiza