Takardar Lambar Kaka

Laraba da dare, Dogon Dutsi

Wai kai, in tsohonka na jiran labari kuma gaskiyar ba ta faɗuwa, mi za ka ce mishi?

Ran da na baro Matankari neman aikin kabu-kabu, Baba ya ba ni takardar Kaka Arzika. Da ita ya komo daga yaƙin Jamus, inda ya baro hannunshi na dama da ƙanenshi Ɗanjuma. Cikin fata muke ajiyarta kamar laya. Kaka kan ce takardar lambarshi ce, mu duka munka ɗauka lambar yabo. Baba na son ya ji abin da Nasara sunka rubuta kahin ya mutu. Ni aji biyu na yi lakwal, makarantar boko, ban iya karanta ta ba.

Yau na kai ma Mushe Pol, malamin lakwal, maƙwabcina. Ya sa tabarau, ya karanta.

Ya ce, "Ƙanena, lamba ce kam, amma ta allura. Shaidar an yi mishi rigakahi kahin shiga jirgin ruwa."

Na ce, "Mushe, duba baya. Babu sunan Ɗanjuma?"

"Babu. Hatimi kaɗai."

Na kasa cin tuwo. Hannu guda da mutun guda, sakamakonmu shaidar allura. Ashe Kaka bai yi ƙarya ba, ya dai bar mu da zatonmu.

Ga wayar Baba, karo na ukku ke nan. Bari in tahi in ɗauka. Zan ce mishi eh, takardar lamba ce.